Zarton Zayyana Da Hannun Rubutunmu

Idan mutum ya shiga falon gidajen 'yan'uwanmu a Wad Madani ko Sinnar, da wuya ya rasa ayar Alƙur'ani da aka yanko daga katako aka rataye a bango. Ba gizago ke yin wannan aiki ba. Wani ɗan injin zarto ne mai siririn haƙori, kaurinsa bai fi na tsinken tsintsiya ba, yana hawa yana sauka, shi kuwa kafinta yana juya katakon a ƙarƙashinsa bisa zanen takarda da ya manna. In za a yanke cikin harafi, kamar idon sadi ko mim, sai a huda rami, a kwance haƙorin a zura shi ciki, a sāke ɗaurewa. Inda babu lantarki, ƙaramin zarton hannu mai baka yana yin aikin, sai dai a hankali.

To, abin da ke damunmu shi ne kusan duk waɗannan ayoyi da hannun rubutun Masar ko na Turkiyya ake yin su, kai ka ce mu ba mu zo da namu ba. Alhali kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, da allunansu da tawadarsu suka iso. Rubutunsu irin na Warash ne, mai kauri, fa'unsa da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Kuma ba su rasa ado ba: ranar saukar Alƙur'ani akan yi wa allon ɗalibi zayyana da ja da ruwan ɗorawa, abin da maƙwabtanmu ke kira sharafa.

Mu a ganinmu wannan rubutu ya fi kowanne dacewa da zarto. Harafi mai siririn wutsiya karyewa yake yi a hannu, musamman a ablakash mai arha, amma namu jikinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ɗigon ne kawai ke da wahala, domin in ba a bar masa ɗan haɗi da harafin ba, faɗuwa zai yi. Masu hankali kuma ba sa barin irin wannan guntu a ƙasa ana takawa.

Katako ma muna da shi. Aduwa, wato hijlij, wadda da ita ake sassaƙa allo tun a ƙasar Hausa, tana yankuwa sumul. Bagaruwa kuwa, sunut ɗin da ya cika gaɓar kogi, taurinta kan cinye haƙorin zarto, gara a bar wa masu angarib ita.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya isa Wad Madani a Disambar shekarar, ya raba samarinmu da yawa da gona da kasuwa. Sana'ar nan jarinta kaɗan ne. Amma malaman da ke iya ja wa yaro harafi da alƙalamin kara sun manyanta, kuma yaran da suka fi son zarton a makarantar gwamnati suka koyi rubutu, da hannun nashi. Kafinta da alaramma a unguwa ɗaya suke, masallaci ɗaya suke salla, har yanzu dai kafinta daga wayarsa yake kwafo zanen.