Abin da Na Koya a Rumfar Faci

Hausawa na cewa sana'a goma maganin mai gasa, to amma ni sana'a ɗaya ce ta ciyar da ni, ta tufatar da ni, ta kuma kawo ni wannan makaranta, watau faci. Mu mutanen Galadi ne ta ƙasar Shinkafi. Mahaifina yana da rumfar faci kusa da tashar Shinkafi, kuma aikinsa ya fi yawa a kan tayoyin manyan motoci. Da na shigo aji ɗaya, duk wanda ya tambaye ni sana'ar babana sai in ce injiniya ne, don ina jin kunyar in ce mai faci ne. Yau ina so in gyara wannan magana a gaban 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, in kuma faɗi dalili.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san rayuwarta a kan taya take. Malaminmu na tarihi ya gaya mana cewa hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, kuma shekaru da yawa jirgi ne ke kwashe gyaɗa da auduga. Da harkar jirgi ta ja baya, sai nauyin ya koma kan manyan motoci. Ranar Alhamis, da kasuwar Shinkafi ke ci, za ka ga ana lodin shanu da gero da wake, a bi ta Ƙaura zuwa Gusau da Funtuwa har Kudu, wasu kuma su ratsa ta Zurmi zuwa Jibiya. Sau da yawa akwai mutane zaune a kan buhunan.

A dogon hutun 2024, cikin damina, Baba ya ce in riƙa zama rumfa ina taimaka masa. Wata Alhamis aka yi rasuwa a dangi, sai ya tafi jana'iza ya bar ni da yaronsa guda. Ba a jima ba sai ga wata mota mai taya goma, ta cika da lodi, tayarta ta gaba ta hannun dama ta taka ƙarfe ta tsage. Direban yana sauri, domin yadda hanyarmu ta zama a 'yan shekarun nan ba mai son dare ya same shi a daji. Ya ce, "Yaro, ina maigidan?" Na ce ba ya nan, amma ni ma na iya. A raina kuwa cewa nake, ai wannan aikin ba sai da ilimi ba, balle ni da ke sakandare.

Muka kwance tayar da taimakon yaran motar. Da na ga tsagar tana da girma, sai na liƙa mata faci mai kauri da nauyi daga ciki. Taɓo ya bushe ya daskare a gefe ɗaya na rim, ban kankare ba. Muka mayar da ita gaba inda take, na ɗaure notuna goma ɗin bi da bi, daga na farko har na zagayo. Direba ya biya, na ƙirga kuɗi ina murmushi.

Bayan la'asar Baba ya dawo, na miƙa masa kuɗin ina jiran yabo. Ya tambayi abin da na yi, na faɗa masa duka. Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Wagga taya gaba ka maishe ta?" Na ce i. Bai ƙara cewa komai ba, ya ɗauki sifana da geji da ɗan alli, ya tayar da babur, ya ce in hau.

Ba mu yi nisa sosai a hanyar Ƙaura ba sai muka hango motar a gefen titi, mutane kusan ashirin sun sauko sun tsaya cirko-cirko, cikinsu har da wata tsohuwa da jikanta. Direban ya ce muddin yana tafiya a hankali lafiya lau, amma da ya ƙara wuta sai sitiyari ya kama rawa kamar zai ƙwace daga hannunsa. Baba ya ba shi haƙuri, ya ce laifin rumfarsa ne. Bai ce laifin ɗansa ba ne, kuma wannan ya fi mini zafi a kan bulala.

Aka sa jak aka ɗaga gaban motar. Baba ya juya tayar da hannu, ya bar ta har ta tsaya da kanta, ya yi zane da alli a wurin da ya koma ƙasa. Ya sake juyawa, zanen ya sake komawa ƙasa. Sau uku ana yi, kuma daidai wurin facina ne da taɓon. Ya dube ni ya ce, "Ka tuna mazarin kakarka? In gululu ya karkace, zare ba ya kaɗuwa. Kuma in mangala ta rinjaya gefe guda, jaki ne ke shan wahala." Ya taɓa notunan, ya tarar biyu sun fara kwancewa. Aka sa safaya a gaba, aka ajiye mai facin don a sa ta baya. Ya ɗaure notunan ɗaya nan, ɗaya can ɗaura da shi, har ya gama, don rim ya zauna daidai. Ya mayar wa direba kuɗinsa, ya ce in ya isa Ƙaura ya sake bin notunan da sifana. Motar ta tashi ana kiran magariba.

Da muka dawo makaranta na ba malaminmu na kimiyya wannan labari, sai ya ja ni gaban allo muka yi lissafi. Kewayen tayar babbar mota ya ɗan wuce mita 3, saboda haka tana juyawa kamar sau 300 a kowace kilomita. In mota na gudun kilomita 80 a awa, tayar na juyawa kusan sau 400 a minti ɗaya. In akwai rarar nauyi na kwatan kilo a bakin tayar, to a wannan gudun ƙarfin da yake fizgar ta ya kai na nauyin fiye da kilo 20, yana bugun sama da ƙasa kusan sau 7 a daƙiƙa. Kuma in aka ninka gudu sau biyu, fizgar tana ninkuwa sau huɗu. Shi ya sa direban bai ji komai ba sai da ya ƙara wuta. Wannan bugu shi ke cinye taya tabo-tabo, ya kashe boris, ya kwance notuna. Malam ya ce a manyan birane kamar Kano da Kaduna akwai na'urar da ke juya taya ta nuna inda nauyi ya rinjaya, sai a maƙala 'yar dalma a bakin rim ta ɗaya gefen. Abin da na'urar ke nema, shi Baba ya gano da alli a bakin titi.

Sauran kwanakin hutun nan na koyi wasu abubuwa a rumfa. Ana auna iska da geji tun taya na da sanyi, ba a dogara da bugun ƙarfe kawai ba. Tayoyin baya da ake haɗawa biyu-biyu dole tsayinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba doguwar ce za ta ɗauki nauyin ita kaɗai, ta yi zafi ta fashe. A jikin taya kuma akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 1221 na nufin mako na 12 na 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4. Sanin wannan ya zama dole, domin tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, daga waje ake shigo da tayoyi, kuma da yawa na hannu ne.

Har yau in na tuna tsohuwar nan da jikanta sai gabana ya faɗi, domin da notunan nan sun ƙarasa kwancewa a kan gudu, da ni ne sanadi. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kada boko ya sa mu rena sana'ar iyayenmu, kada kuma mu karɓi aikin da ba mu ƙware a kansa ba don kwaɗayin kuɗi ko yabo. Ina roƙon direbobi su ma, in sitiyari ya fara rawa, su tsaya a duba. Ni dai yanzu duk wanda ya tambaye ni, babana mai faci ne a Shinkafi, kuma in Allah ya yarda ilimin injiniyan motoci zan karanta, in koma rumfar nan da na'ura. Allah ya kiyaye matafiya, ya saka wa iyayenmu da alheri, amin.