Filebon Bulubari a Tukunyar Inna



A azumin 2023, wanda ya kama a ƙarshen watan Maris, na yi wa mahaifiyata ɓarnar da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Lokacin ba a gama fita daga wahalar canjin kuɗi ba, takardar Naira ta yi wuya, ga zafin bazara irin na ƙasar Gwandu. A unguwarmu a Masama kowa ya san zoɓon Inna. Da shi take sayen sabulu da kayan miya, da shi take cika mini kuɗin mota in zan koma makaranta Birnin Kebbi.

Haɗinta bai taɓa canzawa ba. Takan ɗauraye zoɓon ta fitar da ƙasa, ta tafasa shi da citta da kanumfari da masoro, in an samu ɓawon abarba ta jefa. Sai ta tace, ta bar shi ya huce, ta sa sukari, mu ƙulla a leda, a jera cikin kula da ƙanƙara. Kafin la'asar sakaliya yara sun fara sallama.

Ni kuwa na dawo hutu da wata 'yar kwalba a jaka, filebon bulubari, na saye ta a kasuwar Birnin Kebbi wurin masu kayan kek. Bulubari wani ɗan itace ne ƙanana shuɗaye da ake nomawa a ƙasashe irin su Amurka da Kanada. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, ƙamshinsa kawai na ji a kek ɗin wata ƙawata, na ƙudura cewa shi ne zai sa zoɓonmu ya fi na kowa.

Ranar da Inna ta tafi gaisuwar rasuwa ta bar mini tukunya a kan wuta, na ɗauko kwalbar. Na zuba murfi ɗaya yana tsakiyar tafasa. Ƙamshi ya cika gida, jim kaɗan ya bi tururi ya tafi. Na ƙara biyu. Ina azumi, ba halin in kurɓa in ji, hancina kuma ya riga ya saba da ƙamshin. Kafin in ankara rabin kwalba ya shige.

Mun sayar da ƙulli kusan talatin kafin a kira sallah. Bayan magariba sai ga yaron maƙwabcinmu da leda huɗu a hannu, ya ce babansa ya ce a tambaya ko maganin tari aka zuba. Inna ta kurɓa, ta yi shiru, ta dube ni.

“Ke, mi kiz zuba cikin zoɓon ga?”

Na kawo kwalbar. Ta juya ta, ta sansana, ta ajiye. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage nin da ya fi mini sauƙi. Ta kwance bakin zanenta ta ba ƙanena kuɗin cinikin, ta ce ya bi gida gida ya mayar wa kowa nasa. Na ce ai wasu sun riga sun shanye. Ta ce, “Mai azumi ya wuni da ƙishi yana jiran abin da yas sani. Ba shi munka ba shi ba.” Washegari bashin sukari ta ciyo.

Bayan kwana biyu, da dare, ta ce in kawo kwalbar da kofi uku. Ta zuba zoɓo mai sanyi a kowanne. Na farko ta bar shi yadda yake, na biyu ta ɗiga ɗigo ɗaya, na uku ɗigo uku. Na biyun ya yi daɗi, cittar tana nan, wani ƙamshi kuma yana biyo bayanta. Na ukun ya fara komawa magani. A nan na gane kurakuraina: na zuba a kan wuta, na zuba da murfi, kuma na yi gwajin farko a tukunyar da ke riƙe da gida.

Sai ta ce in launi nake nema, in duba. Ta ɗiga ruwan kanwa a kofin farko, jan zoɓon ya rine ya koma duhu mai shuɗi-shuɗi. Daga baya na karanta cewa sinadarin da ke ba zoɓo launinsa dangi ɗaya ne da wanda ke cikin bulubari, kuma tsami da kanwa ne ke juya shi. Inna ba ta san sunansa ba, amma ta fi shekara ashirin tana sarrafa shi.

Kwalbar tana nan a kan kantarta. Ranar Juma'a takan ware 'yar roba ta ɗiga a ciki saboda yara, su ne ke nemansa. Na manya kuwa ba ta taɓa shi. Maƙwabcin nan sai da aka yi sati kafin ya sake aikowa, kuma har yau in yaronsa ya zo sai ya tambaya, “Inna ce ta haɗa, ko 'yar boko?”