Kumfar Shayin Baba

Da na koma gida Gazawa hutun bara, abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne butar shayin Baba, rataye a ƙusa, ta yi ƙura. Wata huɗu ke nan da hawan jini ya taɓa masa hannun dama. Yana magana, yana takawa da sanda, amma hannun karkarwa yake yi. Yaya kuma, wanda da shi zai kama masa, ya tafi ci-rani Agadas.

Wani zai ce, shayi kawai? To a gidanmu shayin bayan la'asar shi ne majalisar Baba. Abokansa uku ne suke zama har a sha na farko, na biyu da na uku. Tun da aka rataye buta sai suka koma leƙowa, "ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi", su wuce. Baba ya yini shi kaɗai yana kallon bango.

Na ce ni zan dafa. Inna ta riƙe baki: "Ke? Ɗiya mace da butar shayi?" Ban tanka ba. Na hura gawayi, na auna ganye finjali guda, ya tafasa, na zuba sukari. Wurin kumfa ne aka ji ni. Maza sukan ɗaga buta sama su tsiyayo, su juya daga wannan finjali zuwa wancan har kumfa ta hau. Ni kuwa rabi a tabarma, rabi a yatsuna. Baba ya karɓa, ya leƙa ciki, ya shanye don kara. Bai ce komai ba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa ciwo.

Da dare na tuna wani bidiyo da muka gani a wayar wata ƙawata a Maradi. Wata mata ce a Japan take kaɗa wani koren gari a kwano, muka yi ta dariya muna cewa miyar kuka suke sha. Shayi ne, matcha sunansa. Daga baya na karanta yadda ake yin sa. Ana yi wa itacen inuwa kamar sati uku kafin a tsinki ganyen, a turara shi, a busar, a cire jijiyoyin, a niƙa a dutse a hankali. A awa guda dutsen ba ya ba da fiye da giram 40. In za a sha, a tankaɗe giram 2 a kwano, a zuba ruwan da bai kai ga tafasa ba, a kaɗa da wani ɗan maburgi na gora mai tsinke 80 ko 100 har kumfa ta rufe. Ba a tacewa, da ganyen ake sha.

Na ce ashe maburgi ma yana tada kumfar shayi. Wannan kam fagena ne.

Gwajin farko, Allah ya kyauta. Na daka ganyenmu a turmi, na tankaɗe, na kaɗa da maburgin Inna. Ga ɗaci kamar maɗaci, ga tsaki a harshe, ga ƙamshin daddawa. Nan na gane ganyen da ake kawo mana daga Sin don tafasawa aka yi shi, bai sha inuwa ba, bai ga dutse ba. Na bar wa mutanen Japan garinsu, na riƙe dabarar.

Na sayo sabon maburgi ƙarami. Na dafa shayi yadda aka saba, na sa sukari, na juye kaɗan a kwano na murza tsakanin tafuna. Kumfa ta taso fara sol, don sukarin ne ke riƙe ta. Na kwashe ta a finjali, na tsiyaya shayi mai zafi a kai.

Baba ya daɗe yana kallo. "Wa ya koya miki wanga?"

"Mutanen Japan, Baba."

"A'a. Uwarki dai."

Ranar ce na fara jin dariyarsa tun zuwana. Washegari abokinsa tela ya leƙo, ya gan ni da maburgi, ya ce, "Yau kuma miya ake ba baƙi?" Ya zauna don ya yi mini tsiya, bai tashi ba sai da ya sha na uku. Kafin sati duka ukun sun dawo.

Saura matsala ɗaya: hutu zai ƙare, maburgi kuma hannu biyu yake so. Na sake kallon bidiyon, sai na lura matar da hannu ɗaya take kaɗawa, wuyan hannu kawai ke aiki. Na samo tsinkayen sabuwar tsintsiya, na yanke su tsawon yatsa biyu, na ɗaure da zare, na wanke da ruwan zafi. Na sa wa Baba a hannun hagu. Kwana biyu yana fantsalawa, rana ta uku kumfa ta tsaya.

Yanzu ƙanena ke hura wuta ya tsiyaya, Baba ke tada kumfa. Satin jiya da na kira, Inna ta ce tsintsiyarta ta biyu ke nan ana yi wa aski, in na tashi zuwa in taho mata da wata.