TAFIYA ZUWA TSAUNIN MAMBILA DA ABIN DA TA TAYAR MANA NA FIƘIHU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, galibinmu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, tudun da muka sani bai wuce Dala da Goron Dutse ba. Shi ya sa idan aka yi wa ma'aikaci canjin aiki zuwa Gembu, sai ya ɗauka horo aka yi masa, ɗan kasuwa kuwa ba ya tuna wurin sai don shanu da dankalin Turawa. Mun bi wannan hanya, kuma mun ga ya kyautu mu sanar da 'yan'uwa masu karatu abin da ke cikinta.

Daga Jalingo hanya ta bi ta Bali ta faɗa Serti, tafiyar da ta zarce buridi huɗu tun kafin a kai Bali. Buridi huɗu shi ne mil 48, wajen kilomita 80, kuma shi ne haddin kasaru a mazhabar Imamu Malik. To, a nan gardama ta tashi a cikin mota. Wani abokin tafiya, ma'abocin karatu, ya tunatar da mu cewa Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya keɓe sunnar kasaru ga wanda tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, ba kuma ta wasa ba. Shin mai zuwa kallon duwatsu ba ɗan wasa ba ne? Abin da muka rinjayar shi ne, hukunci yana bin niyya. Alƙur'ani a cikin Suratul Gashiya ya kira mutane su dubi yadda aka kafa duwatsu, wurare da yawa kuma ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa don izina. Wanda ya fita da wannan nufi, ko don ziyarar 'yan'uwa, ko don fatauci na halal, ya yi kasarunsa babu kokwanto. Wanda ya fita don shagala kaɗai, malamanmu sun karhanta masa, ko da yake in ya yi ba a ce ya rama ba.

Serti ita ce hedikwatar gandun daji na Gashaka-Gumti, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, shekarar da aka cire Jihar Taraba daga Gongola. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu gandun da ya kai shi a Nijeriya. A gefensa na gabas, kan iyakar Kamaru, dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, mafi tsawo a ƙasar nan. Akwai ɓauna da dorina da birai iri-iri, har da babban birin nan da Turawa ke tsallako teku don nazarinsa.

Daga Mayo Selbe ake fara hawa. Hanya ta yi ta nannaɗe dutse kamar rawani, mota na nishi, kwazazzabo a hannu ɗaya, bango a ɗaya hannun, har fasinjojin da suka yi ta surutu tun safe suka koma tasbihi. Da aka ɓulla Maisamari sai ga wata duniya dabam: tuddai kore shar, babu itace sai jerin turare da aka shuka, shanu jajaye a warwatse, hazo yana wucewa ta ƙasan ƙafar mutum. Ruwan alwalar Asuba a Nguroje yakan sa tsoho ya tuna babin taimama, amma mu sani sanyi kaɗai ba uzuri ba ne matuƙar ana iya ɗumama ruwan. A daren ruwan sama kuwa, haɗa Magariba da Isha'i a masallaci, wanda mu muke karantawa a Risala mu yi shi jefi-jefi, can abin buƙata ne na yau da kullum a damina.

Waɗannan ƙananan garuruwa sun ga mulki kala-kala. Sun ji tasirin Fombina ta Modibbo Adama, Jamusawa suka riƙe su a cikin Kamaru, Ingila ta karɓa bayan yaƙin duniya na farko, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen yankin suka zaɓi Nijeriya, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna. Har yanzu ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta wannan sunan take amsawa. A kasuwa za ka ji Fulatanci da Hausa da harshen Mambila a rumfa ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne maganar ƙasa. Rashin ƙudan tsando ya jawo makiyaya kan tudun a ƙarni na 20, manoma kuma suna nan tun kaka da kakanni, ga gandun daji ya killace nasa. Jinin da aka zubar a 2017 tsakanin maƙwabta ya isa shaida cewa maganar ba ta wasa ba ce. Mun ji wasu suna cewa keɓe daji saboda namun jeji bidi'ar Nasara ce. Wannan kuskure ne. Shari'a ta san hima: Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina saboda dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Koguna masu yawa da ke zuba a Binuwai daga waɗannan duwatsu suke tasowa, idan aka aske dajin, manomin da ke can gangare shi zai fara kuka.

Sai dai himar shari'a tana da sharaɗi, kuma ma'aikatan hukuma daga cikin masu karatu su ne muke so su ji. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya umurci mai tsaron himarsa ya tausasa wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki ya shiga, amma ya tsare garken Ibn Aufi da na Ibn Affan. Dalilinsa shi ne, su biyun in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa da 'ya'yansa zai zo ƙofar Halifa. Abin da ake yawan kuka da shi a zamaninmu akasin wannan ne: mai shanu ashirin a kora shi, mai shanu dubu ya sami takarda ya kewaye tudu guda da waya. Malamanmu sun sharɗanta hima ta zama don amfanin jama'a, kada kuma ta ƙuntata musu, ba su halatta wa shugaba ya keɓe wa kansa ko abokinsa ko taku ɗaya ba.

A Gembu muka yi niyyar kwana biyar, saboda haka muka cika salla tun ranar isowa, domin niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke hukuncin tafiya. Fatake masu zuwa sayen shanu, waɗanda ba su san ranar da cinikinsu zai faɗa ba, su kam suna nan kan kasarunsu ko da sun yi wata guda, muddin ba su ƙudurta zaman kwana huɗun ba.