Iri Da Kwalba: Abin Da Na Gani A Ɗakin Gwaggona

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, in yi wata magana wadda na san waɗansu za su ce ba ta dace da wannan shafi ba. Maganar giyar gida ce, watau burkutu, da abin da ke tayar da ita, da abin da ake zuba ta a ciki. Malamai su gafarce ni. Na san hukuncinta a Musulunci, ba na kuwa kiran kowa ga shanta, ni kaina ma ba mashayi ba ne. Amma ana dafa ta kullum a ƙasarmu, ana kuma jin ciwo ta dalilinta, yawanci saboda rashin sani, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Gwaggona, ƙanwar ubana, a wani ƙauye na kudancin Jihar Kaduna, da kuɗin tukunyarta ta biya mini makarantar mishan har na zama akawu. Tun ina yaro nake ganin aikin. Za ta jiƙa dawa, ta shanya ta a inuwa ta rufe da ganye har ta yi tsiro, ta busar, ta kai niƙa, ta dama, ta dafa, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa. In ya huce sai ta ɗauko wata 'yar gora da take ratayewa a tsakar ɗaki, ta zuba abin da ke ciki. Guntun tukunyar da ta wuce ne, ita dai "iri" take ce masa. Kafin gari ya waye randa ta ɗauki kumfa tana tsuwa. In irinta ya mutu ba ta saye, sai ta aike ni gidan maƙwabciya da ƙoƙo in karɓo, kamar yadda ake ɗebo wuta.

Sai da na shiga makaranta na gane wannan suna da ta ba shi daidai yake. Abin nan da muke kira yisti halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, ido ba ya ganinta. Tana cin zaƙin da ke cikin tsiro, ta fitar da barasa da iska. Iskar nan ita ce kumfar randa, ita ce kuma ke kumbura burodi da ƙullun waina. Turawa ma sun daɗe suna aiki da ita ba su san ta ba. Dokar giya ta ƙasar Bavariya a Jamus, ta shekarar 1516, ta ambaci sha'ir da ruwa da wani fure mai ɗaci da suke sawa, ba ta ambaci yisti ba. Wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya gan shi da madubinsa a 1680, bai san mai rai ba ne. Louis Pasteur na Faransa ne, daga 1857, ya tabbatar ƙananan halittu ke wannan aiki. A 1883 Emil Hansen, a ma'aikatar Carlsberg ta ƙasar Denmak, ya ware iri guda tsantsa ya rene shi, maigidan ma'aikatar kuwa ya riƙa ba waɗansu masu sana'ar kyauta. Da na karanta haka sai na tuna ƙoƙon nan nawa.

Yau a ƙasashen Turai da Amurka masu dafa giya a gida ba sa zuwa maƙwabta. A Ingila an ɗauke musu neman lasisi a 1963, a Amurka kuma an sa hannu kan dokar da ta yardar musu a 1978, daga nan fataucin iri ya bunƙasa. Akwai Lesaffre na Faransa, mai sayar da nasa da sunan Fermentis, da Lallemand na Kanada. Waɗannan busasshe suke yi, a 'yar takarda mai nauyin giram 11 ko 11 da rabi, wadda ke isar kamar lita 20. Akwai kuma White Labs da Wyeast a Amurka, da suka yi suna da na ruwa. Na ruwan nan sai da firji, ba ya kuwa daɗewa, saboda haka a inda wutar lantarki ba ta da tabbas asarar kuɗi ne kawai. Har busasshen ma, yawancinsa sanyi yake so, wajen awo 18 zuwa 22 a ma'aunin zafi, mu kuwa da bazara ɗakunanmu sun wuce 35. Abin da ya ba ni mamaki, manoman ƙasar Norwe suna da nasu iri na gado, mai suna kveik, mai jure zafi har wajen 40. Suna busar da shi a jikin zoben itace su rataye, kamar dai gorar gwaggona, ga shi yanzu kamfanoni na sayar da shi a takarda. Namu kuwa barinsa ake yi. Mata da yawa sun koma sayen yistin burodi a kanti, don sauri. Jinsinsu ɗaya, yana kuwa aiki, amma tsofaffin ƙauyenmu na cewa ɗanɗanon ya sake. Wanda ke raina kayanmu ya tuna, da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, ga dawar nan tamu manyan kamfanonin giya suka koma.

To, yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. Burkutu ba ya gama tashi kafin a sha shi. Ana shansa irin yana nan da ransa yana aiki, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma ya yi tsami ya lalace. Shi ya sa kakanninmu suka zuba shi a randa da tulu da ƙwarya, abubuwa masu buɗaɗɗen baki. Giyar kwalba daban take. An bar ta ta gama, an tace, yawanci an kuma ɗumama ta don a kashe irin, sa'an nan aka buga mata murfin ƙarfen nan mai haƙora, wanda William Painter ya ƙago a Amurka a 1892. Masu yi a gida a can ma sai sun jira zaƙin ya ƙare, su auna ɗan sukari kaɗan, su zuba a kwalba mai kauri. Ko su ma in sun yi gaggawa kwalba na fashe musu.

Ni na ga fashewar da idona. Wata shekara da Kirsimeti ɗan gwaggona ya so ya kai wa abokinsa tsaraba a birni. Ya cika kwalba uku daga randa tana cikin tsuwa, ya toshe su tam, ya sa a jaka kusa da injin mota. Ba mu yi nisa ba muka tsaya shan mai, ya buɗe jakar ya duba, ɗaya ta tarwatse a hannunsa. An yi masa ɗinki a tafin hannu, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, shi kuwa tela ne. A Zambiya da Zimbabuwe, inda ake sayar da irin wannan giya da sunan Chibuku, a kwali suke zuba ta, su bar 'yar kafa a sama don iska ta fita. Dabarar ke nan duka, ba mu kuwa san ta ba a ranar.

Abin da ya fi wannan tsoratar da ni shi ne jarka da ganga. Tukwanen ƙasa sun yi tsada, suna kuma fashewa, sai mata suka koma dafawa a tsofaffin gangunan ƙarfe, suna ajiya a jarkokin da ba a san me aka fara zubawa cikinsu ba. Na taɓa ganin wadda hoton maganin feshin gona bai ko goge daga jikinta ba. Roba na shan irin wannan dafi, wanki da sabulu ba ya fid da shi duka. Abu mai tsami kuma yana cin ƙarfe, ya kwaso tsatsa da abin da ke jikinsa zuwa cikin mai sha. Wannan magana ba ta tsaya ga burkutu kaɗai ba, ta shafi masu kunun zaƙi da zoɓo da gingimemen ƙullun waina, gama su ma a irin waɗannan mazubai suke aiki, kunu ma in ya kwana a toshe yakan kumbura gora.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta su ɗauki kwalba, da ruwan ɗumi, da cokalin sukari, da ɗan yistin burodi, su ɗaura balan-balan a bakinta a gaban yara, su bar su su kalli yadda take cika. Ma'aikatan duba-gari kuma, in sun shiga kasuwa, su juya jarka su karanta abin da ke rubuce a jikinta. Gwaggona ta tsufa ta bar sana'a, amma da na je gida bara na iske gorar nan a rataye, na tambaye ta, ta ce ta ba matar ƙaninta irin tun kafin ya mutu.

Ni ne naku,
Wani Akawu.