In Za Ki Jingine Karatu, Jingine Shi a Rubuce



Kwanakin baya, bayan an tashi daga Islamiyya, mahaifiyar wata tsohuwar ɗalibata ta tsaya jirana a ƙofar aji. 'Yarta tana shekara ta biyu a kwalejin ilimi, tana da aure, ga ciki ya tsufa, ga kumburin ƙafa. Ta ce, "Malama, na ce mata ta bar kwasa-kwasan nan biyu masu wuya ta dawo gida ta huta. In ta haihu ta koma, ai makaranta ba guduwa za ta yi ba." Na ce, "Inna, ta rubuta wa makarantar kuwa?" Ta ce, "Rubutu kuma na me?" Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ni ma na taɓa yin ta, na kuwa ɗanɗana kuɗata.

Duk ɗan Abare ba zai manta da 2010 ba. Ita ce shekarar da gubar dalma ta auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Abare da Dareta da Bagega da Yargalma, sanadiyyar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. A lokacin ina shekara ta biyu ta NCE, ina samun ɗan tallafin karatu wanda da shi nake biyan rajista da kuɗin mota. 'Yata mai shekara biyu tana hannun surukata a gida. Ana saura 'yan makonni a fara jarrabawa aka aiko mini cewa yarinya tana jijjiga, an wuce da ita asibitin Anka, inda likitocin ƙungiyar MSF suke kula da yaran. Mayafi kawai na ɗauka na nufi tasha. Ban faɗa wa kowa ba sai 'yar ɗakinmu.

Allah cikin ikonSa Ya tashi kafaɗar yarinya, kuma har gobe ban yi nadamar tafiyar ba, babu uwar da za ta zauna a aji a irin wannan hali. Abin da nake nadama shi ne takarda ɗaya da ban rubuta ba. Da na koma na duba allon sakamako, sai na ga F a gaban duk kwas ɗin da ban zauna jarrabawarsa ba. Na je wurin jami'in jarrabawa ina kuka, na ba shi labari. Ya tausaya, amma ya ce, "Malama, da ko maigidanki ne ya kawo mana wasiƙa da shaidar asibiti, da an jingine miki zangon. Mu abin da ke rubuce muke bi." Da lokacin sabunta tallafi ya zo aka nemi sakamakon bara. Ina miƙawa na san zancen ya ƙare. Shekara guda ta ƙaru a kan karatuna, maigida ya sayar da hatsin da muka ajiye, ni kuma na rabu da 'yan kunnen aurena.

Uwargida, bari in yi miki bayanin yadda lissafin yake, domin da yawanmu mukan tura 'ya'ya makaranta ba mu san shi ba. A kwalejojin ilimi A maki 5 ne, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuma sifili. Ana haɗa makin kwasa-kwasan da ɗaliba ta yi wa rajista a fitar da matsakaici, wanda ɗalibai ke kira GP. A ce ta yi rajistar kwas biyar masu nauyi ɗaya, ta ci B a dukkansu, matsakaicinta 4.0 ke nan. In kuwa ta ci B a uku, ta yi watsi da biyu ba tare da an cire su daga rajista ba, maki 12 za a raba gida biyar, ta faɗo 2.4. Ƙoƙarinta bai ragu ba, amma takarda ta nuna ta a matsayin mai rauni. Wannan sifilin kuma zai yi ta binta har ta gama, ga shi sai ta sake ɗaukar kwas ɗin a shekara mai zuwa.

Ko cire kwas ta hanyar da ta dace yana da iyaka. Akwai 'yan makonnin farkon zango da makaranta ke bayarwa don ƙari ko ragi, in sun wuce ƙofa ta rufe. Akwai kuma adadin da ba a yarda ɗalibar cikakken lokaci ta gaza shi ba. Wannan yana da muhimmanci, domin masu ba da tallafi abu biyu suka fi dubawa: shin tana cikin rajista a matsayin cikakkiyar ɗaliba, kuma yaya makinta? Hukumar tallafin karatu ta tarayya, alal misali, ɗaliban cikakken lokaci take nema, waɗanda suka kai shekara ta biyu, masu maki mai yawa.

Yanzu kuma ga rancen karatu na NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, aka buɗe nema a watan Mayu. An fara shi da biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, da naira 20,000 a wata ga ɗalibi. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye Musulmi da dama. Sai dai mu tuna rance ne, ba kyauta ba. Makaranta ce ke tabbatar da sunan ɗaliba, kuma kowace shekarar karatu sai an sake nema. Wadda aka biya wa rajista ta ɓace babu sanarwa ta yi asarar shekara, ga nauyin kuɗi a kan sunanta. Mun kuwa san girman bashi a addininmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Addinin da ya koya mana rubuta abin da ke tsakaninmu da mutane bai bar mu da uzurin tafiya a ɓoye ba.

Don haka shawarata ga wadda haihuwa ko jinya ko rashin tsaron hanya ya tilasta wa tsayawa ita ce: kafin ki tafi, ki ga shugaban sashenku. Ki rubuta wasiƙar neman jingine karatu, ki haɗa da shaidar asibiti, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, ki adana shi kamar yadda kike adana katin rigakafin yara. Ki sanar da masu ba ki tallafi, ki tambaye su sharaɗinsu. In ba ki iya zuwa, maigida ko yayanki ya kai. Iyaye da mazaje kuma, kalmar "dawo gida" tana da sauƙin faɗi, a riƙa haɗa ta da "kin rubuta?"

Washegari da safe mijin ɗalibar tawa ya hau mota da wasiƙa da katin awo a aljihu. An jingine mata zangon, ta sauka lafiya, kuma sunanta yana nan a rajista yana jiranta.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. Amin.