Igiyar da Ke Tafe Tana Murɗawa

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma na san wasu gajeren labari suke jira kamar yadda na saba. A yi mini uzuri, yau a kan eriya zan yi magana, don ita na karanta a Poli tun kafin in san hanyar taron marubuta.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ya san neman sabis. Daga Sule Tankarkar zuwa Danzomo da Jeke, kowane gari da wurin da aka sani: gindin wata bishiya, kan wani tudu, ko bakin wani shago. Za ka ga mutum ya ɗaga waya sama, ya karkata ta, yana juyi kamar mai neman alƙibla. In ka matsa kusa da iyaka kuma, sai wayarka ta kama layin Nijar ba da shawararka ba. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, abin ya tashi daga raha ya koma damuwa. A kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, sai a yi ciniki a sallama rago, amma mai saye da mai sayarwa suna tsaye sun zuba wa na'urar POS ido, ita kuma tana ta kewaye.

To me ya sa karkata waya ke canja wani abu? Ku ɗauki igiyar guga, ku ɗaure bakinta ɗaya a turke, ku riƙe ɗayan. In kuka kaɗa hannu sama da ƙasa, igiyar za ta riƙa tsalle a tsaye. In kuka kaɗa hagu da dama, za ta yi tafiyar maciji a kwance. Haka saƙon rediyo yake ratsa iska, ko a tsaye ko a kwance. Eriyar da ke tsaye na tsaye take kamawa. In ka kwantar da ita, abin da za ta samu bai taka kara ya karya ba. Masu haɗa dish sun san wannan da hannunsu. Shi ne H da V ɗin da suke zaɓa a cikin risiba, shi ne kuma dalilin ɗan murɗa kan da ke gaban dish har hoto ya washe.

Akwai hanya ta uku. Ku juya hannu kamar mai tuƙin tuwo, sai igiyar ta tafi tana murɗawa kamar tufka. Injiniya yana samun wannan ne idan ya haɗa igiya biyu masu ƙarfi ɗaya, ta tsaye da ta kwance, ya sa ɗaya ta riga ɗaya da rubu'in taku. Murɗawar kuma iri biyu ce, ta dama da ta hagu, kamar noti mai ɗauruwa ta dama da mai ɗauruwa ta hagu.

Amfaninta uku ne. Na farko, duk yadda ka mirgina eriyar, muddin tana fuskantar mai aikowa, saƙo zai shigo. Shi ya sa taurarin GPS, da ke nisan kusan kilomita 20,000, suke aiko da saƙonsu da murɗawar dama a kan mita 1575.42 megahaz. Sararin sama yana karkata igiyar tsaye kafin ta sauko, amma wadda dama can juyi take yi babu abin da za a karkata mata. Na biyu, idan igiya mai murɗawa ta bugi rufin kwano ta dawo, hannunta yakan sauya, ta dama ta koma ta hagu, sai eriyar ta ƙi karɓar wannan amsa-kuwwa mai dagula saƙo. Na uku, ana iya ɗora saƙo biyu a mita ɗaya, wannan ta dama, wancan ta hagu. Faifan Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, da irin wannan igiya yake magana da taurarinsa.

Wahalar tana wajen faɗi. Intanet mai sauri kamar titi ne, sai da faɗi motoci da yawa ke wucewa a lokaci guda. Eriya mafi sauƙi ita ce ɗan falle na jan ƙarfe a kan allon lantarki. Don mitar Wi-Fi ta 2.4 gigahaz, kowane gefensa kusan santimita 3 ne. Ka yanke kusurwa biyu masu kallon juna, sai igiyar ta fara murɗawa. Amma da ka ɗan gusa daga mitar da ka auna, da'irar sai ta zama ƙwai, ƙwan kuma ya miƙe ya koma layi. Ƙa'idar masana ita ce kada tsawon ƙwan ya kai ninki ɗaya da rabi na faɗinsa. Wannan falle yana cika ƙa'idar ne a kusan kashi 1 cikin 100 na mitarsa kawai, wato megahaz ashirin da wani abu, alhali filin Wi-Fi ɗin ya haura megahaz 80. Shi ya sa ake ta dabaru: a ƙara kaurin allo, a ciyar da fallen ta ƙofa biyu, ko a jera huɗu kowanne an juya shi rubu'in da'ira daga na kusa da shi.

Mu a aikinmu na kammala difloma wata hanya muka bi, eriya mai naɗi wadda John Kraus ya ƙirƙiro a Amurka a 1946. Tsawon taku ɗaya na igiyar Wi-Fi santimita 12.5 ne. Sai muka samo bututun roba mai faɗin kusan santimita 4, muka naɗa masa wayar jan ƙarfe, tsakanin naɗi da naɗi kusan santimita 3, muka kafa shi a tsakiyar murfin tukunya. Kyawunta shi ne murɗawarta ba ta lalacewa da wuri, tana riƙe fili mai faɗi. Ba mu da na'urar awo, sai kwamfutar wani abokinmu da ke nuna ƙarfin saƙo. Muka sa guda biyu suna kallon juna daga ƙarshen fili zuwa ƙarshen fili. Muka mirgina ɗaya a inda take, saƙo bai motsa ba. Muka sauya ta da wadda muka naɗa ta hagu, nan take ya faɗi. Ranar na ga lissafin allo ya sauko ƙasa yana tafiya da ƙafarsa.

Kada wani ya ce na yi alƙawarin maganin sabis. Turakun waya ba da igiya mai murɗawa suke aiki ba, nasu a karkace yake, digiri 45 ta nan da ta can, kuma eriya mai murɗawa rabin ƙarfin irin wannan saƙo take kamawa. Garin da ba shi da turke, turke yake buƙata da wutar da za ta riƙe shi. Amma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu duwatsun da za su tare hanya. Idan intanet ya sauka wuri ɗaya a gari, raba shi zuwa makaranta da ɗakin shan magani aiki ne da yaranmu za su iya da bututu da waya da ilimin awo.

Jigawa ba baƙuwar wannan buri ba ce. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa Galaxy da makarantar kwamfuta ta Kazaure. Abin da ke ci mini rai shi ne har yau yawancinmu masu saye ne da ɗaurawa. Mai haɗa dish na unguwarmu ya fi ni hannu nesa ba kusa ba, amma babu wanda ya taɓa zama ya gaya masa dalilin abin da yake yi da harshen da yake tunani da shi. Wannan gibin namu ne, mu masu alƙalami.

Ni na ce igiya mai murɗawa. Wataƙila wani a zauren nan yana da sunan da ya fi wannan zama a baki, musamman masu gyaran rediyo da malaman kimiyya. A ajiye mana shi a ƙasa, mu tace mu zaɓa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.